Yadda ake zaɓar tsohuwar Riesling ta Jamus mai ɗan zaƙi, da ajiye ta, da buɗe ta

A bakin kogin Mosel da ke yammacin Jamus, gonakin inabi a jikin tsaunuka suke rataye. Akwai wata gona da ake kira Bremmer Calmont wadda gangarenta ya kai digiri 65 a wasu wurare. Tarakta ba ta shiga, da hannu ake yin aikin. Ƙasar wurin duwatsu ne masu falle-falle, irin waɗanda ake yin allon makaranta da su a da, suna shan zafin rana su riƙe shi har dare. A irin wannan wuri mai sanyi inabin Riesling yake nuna a hankali, ya tara sukari ba tare da tsaminsa ya gudu ba. An fara ganin sunan wannan inabi a rubuce a shekarar 1435, a littafin lissafin wani basarake a garin Rüsselsheim, kuma yau ya kai kusan kashi 23 cikin ɗari na duk gonakin inabin Jamus.

A sani tun farko, Riesling ɗin da ake magana a kai giya ce da ake yi da wannan inabi, mai sa maye. Musulunci ya haramta ta, kuma jihohi da dama a Arewacin Najeriya sun hana sayar da ita. Wannan bayani na wanda sana'arsa ko karatunsa ya haɗa shi da ita ne, kamar ma'aikatan otal da ɗaliban harkar abinci, da kuma wanda addininsa bai hana shi ba.

Duk wanda ya taɓa dama kunun tsamiya ya san abin da masu son wannan giya suke nema. Sukari ya yi yawa, kunun ya ginshe ka. Tsamiya ta yi yawa, haƙora su mutu. Idan aka dace, sai ka kasa cewa ga zaƙi ga tsami, abu ɗaya kawai kake ji. Riesling mai ɗan zaƙi a kan wannan ma'auni aka gina ta, kuma shekarun da take yi a kwalba su ne suke ƙarasa haɗa biyun. Sauran aikin duka, daga zaɓe har zuwa zubawa a kofi, kare wannan haɗi ne daga abin da zai ɓata shi.

Abin da ya sa take jure shekaru

Yawancin farar giyar inabi ba ta son daɗewa. Shekara biyu ko uku, ta fara lalacewa. Riesling ta bambanta saboda abubuwa uku da ke cikinta.

Na farko tsami. A lita ɗaya ana samun giram 7 zuwa 10 na sinadarin tsami, wani lokaci ma ya fi haka a shekarun da aka yi sanyi. Tsami yana hana ƙwayoyin da ke ɓata giya sakewa, yana kuma rage saurin canjin launi. Na biyu sukarin da aka bari. Idan aka matse inabi, yis yana cin sukarin ruwan yana mayar da shi barasa, kusan giram 17 na sukari a lita ke ba da kashi ɗaya cikin ɗari na barasa. Mai yin giya da yake son ta da ɗan zaƙi ba ya barin yis ya cinye duka. Idan ta kai inda yake so, sai ya sanyaya gangar ƙwarai har yis ya daina aiki, ya tace shi ya fitar, ya sa sinadarin salfa kaɗan. Wannan salfa shi ne na uku, aikinsa shi ne ya tare iskar da za ta shiga ya hana ta taɓa giyar.

Akwai wata dabara ta daban da ake kira Süssreserve, inda ake barin giyar ta gama aikinta sannan a zuba mata ruwan inabin da bai tsimu ba. Doka ta yarda da shi, amma manyan masu gonaki sun fi son tsayar da yis a hanya, domin sukarin da yis ke bari a ƙarshe irin na 'ya'yan itace ne, wanda ya fi tsabtar ɗanɗano a baki.

Gangunan gargajiya ma suna da nasu hannu. A Mosel ana amfani da Fuder mai cin lita 1,000, a yankin Rheingau kuma Stück mai cin lita 1,200. Tsofaffin ganguna ne da suka daina ba da ƙamshin katako, don haka ƙamshin inabin ne kawai yake shiga kwalba. Yanzu da yawa sun koma tankunan ƙarfe marasa tsatsa, manufar dai ɗaya ce.

Karanta takardar jikin kwalba

Nan ne mafi yawan mutane suke yin kuskure, kuma nan ne ya kamata a daɗe. Takardar giyar Jamus tana da dogayen kalmomi, amma komai a fili yake idan ka san inda za ka duba.

Ka fara da neman kalmar Riesling. Idan babu ita, ajiye kwalbar. Giyar da ake kira Liebfraumilch, wadda ta cika kantunan Ingila da Amurka a shekarun 1970 da 1980, ita ma tana da ɗan zaƙi, amma yawanci daga wasu nau'o'in inabi masu ƙarancin tsami ake haɗa ta. An yi ta ne don a sha cikin shekara ɗaya ko biyu. Wanda ya ajiye ta shekara goma, ruwan sukari mai launin shayi zai tarar.

Daga nan sai ƙarfin barasa, wanda ake rubutawa da ƙananan lambobi a gefe. Wannan lamba ta fi kowace kalma faɗa maka gaskiyar zaƙin da ke ciki. Ga lissafin. Jamusawa suna auna nauyin ruwan inabi da ma'aunin Oechsle. Idan lita ɗaya ta ruwan ta fi lita ɗaya ta ruwan sha nauyi da giram 80, sai a ce digiri 80 na Oechsle ne. Ruwan da ya kai 80, idan yis ya cinye sukarinsa kaf, zai ba da barasa kusan kashi 10.5. To idan ka ga an rubuta kashi 8 a takarda, ka san an bar sukarin kashi 2.5 bai juye ba, wato kusan giram 40 a lita. Saboda haka kwalba mai kashi 12.5 ko 13 ba ta da zaƙi, mai 10 zuwa 11.5 tana da shi kaɗan, mai 7.5 zuwa 9 kuwa zaƙinta a bayyane yake, sai dai tsamin yana danne shi.

Sai kalmomin da ke nuna yawan sukari. Trocken na nufin marar zaƙi, iyakarsa giram 9 a lita, shi ma da sharaɗin tsamin ya yi kusa da shi. Halbtrocken iyakarsa giram 18, shi ma da nasa sharaɗin tsami. Feinherb kalma ce da doka ba ta yanke mata iyaka ba, masu gonaki suna sa ta ga giyar da ta kai halbtrocken ko ta ɗan wuce, kuma a Mosel an fi son ta a kan halbtrocken. Idan ka ga haruffa GG a jikin kwalba, wannan babbar giya ce amma marar zaƙi, ba ita muke magana a kai ba.

Sai kuma matakan da dokar giya ta Jamus ta 1971 da gyare-gyarenta suka tsara bisa nunar inabin ranar da aka tsinke shi: Kabinett, Spätlese, Auslese, Beerenauslese, Eiswein da Trockenbeerenauslese. Uku na ƙarshe zaƙinsu kamar zuma ne, wani fanni ne daban. Namu su ne biyu na farko, da Auslese idan ta tsufa sosai. Kabinett ita ce mafi sauƙin jiki. Spätlese na nufin wadda aka makara wajen girbinta, kuma ana danganta asalinta da shekarar 1775 a gonar Schloss Johannisberg da ke Rheingau, lokacin da ɗan saƙon da zai kawo izinin girbi daga mai gonar a garin Fulda ya yi latti har inabin ya fara ruɓewa, aka matse shi a haka, giyar ta fito ta fi ta kullum. Duk giyar da ke ɗauke da ɗaya daga waɗannan sunaye, doka ta hana a ƙara wa ruwanta sukari don ƙara ƙarfin barasa.

A kula da wannan, domin yana rikita har waɗanda suka daɗe a harkar: waɗannan sunaye nunar inabi suke nunawa, ba zaƙin da ke cikin kwalba ba. Ana iya samun Spätlese trocken, wato inabi nunanne da aka bar yis ya cinye sukarinsa duka. Idan dai an rubuta Kabinett ko Spätlese kawai, babu trocken a gefe, kuma barasar ba ta kai kashi 10 ba, to mai zaƙi ce.

Sunan gona yana zuwa da kalma biyu, ta farko sunan ƙauye da aka ƙara wa "er", ta biyu sunan gonar. Wehlener Sonnenuhr gonar Sonnenuhr ce ta ƙauyen Wehlen. Haka Brauneberger Juffer, Ürziger Würzgarten, Bernkasteler Doctor da Piesporter Goldtröpfchen. Amma akwai tarko. Dokar 1971 ta yarda a haɗa gonaki masu ɗimbin yawa na ƙauyuka daban-daban a ba su suna ɗaya mai kama da na gona guda. Piesporter Michelsberg da Niersteiner Gutes Domtal irin waɗannan ne. Sunan ya yi kama da na manya, amma ba a yi su don ajiya ba. An yi wa dokar gyara a 2021, sai dai duk tsohuwar kwalbar da za ka ci karo da ita a kan tsohon tsari take.

Ka duba ko an rubuta Gutsabfüllung ko Erzeugerabfüllung, ma'ana wanda ya noma inabin shi ya ɗura a kwalba. Hoton gaggafa mai ɗauke da curin inabi a wuyan kwalba alamar VDP ce, ƙungiyar manyan masu gonakin inabin Jamus, wadda aka kafa a 1910, kuma mambobinta suna bin ƙa'idojin da suka fi na doka tsauri. Gidaje irin su Joh. Jos. Prüm a Wehlen, Egon Müller a Scharzhof da ke yankin Saar, Maximin Grünhaus a Ruwer da Dönnhoff a Nahe sun yi suna a wannan fanni. Akwai kuma ƙananan gidaje da yawa masu kyakkyawan aiki da ba sa cikin ƙungiyar.

Abu na ƙarshe a takardar shi ne doguwar lambar da ke bayan A.P. Nr. Lambobi biyu na ƙarshe shekarar da aka kai giyar gwajin hukuma ce, waɗanda ke gabansu kuma lambar ɗurin ce. Amfaninta shi ne, gida ɗaya yakan ɗura Spätlese iri biyu ko uku daga gona ɗaya a shekara ɗaya. Idan ka ɗanɗana ɗaya ta yi maka, da wannan lamba za ka tabbatar ita ɗin ce kake sake saye.

Shekarar girbi da tsawon jira

Shekarar da aka yi sanyi tana ba da tsami mai yawa, mai zafi kuma tana ba da sukari da ƙarancin tsami. Don ajiya mai tsawo, tsami ya fi muhimmanci. Shekarun 1971, 1975, 1983, 1990 da 2001 suna cikin waɗanda masana suka yarda da su. 1976 zafi aka yi ƙwarai, giyarta ta yi kauri da duhun launi. 2003 da 2018 ma masu zafi ne, Kabinett ɗinsu takan yi nauyi kamar Spätlese. 2010 da 2021 tsaminsu kaifi ne da shi, irin waɗanda ɗan zaƙi yake yi wa rana.

A kimance, feinherb ko halbtrocken na gida mai kyau yana kaiwa shekara biyar zuwa goma. Kabinett mai zaƙi daga gona mai suna tana yin goma zuwa ashirin. Spätlese tana wuce ashirin ba tare da gajiya ba, Auslese kuwa talatin ko arba'in ba abin mamaki ba ne. Akwai wani lokaci a tsakiya, sau da yawa daga shekara ta uku zuwa ta shida ko bakwai, da giyar take rufe bakinta: ƙamshin ƙuruciya ya tafi, na tsufa bai iso ba. Wanda ya buɗe a wannan tsakani zai ɗauka an cuce shi. Shawarar da ta fi ita ce a sayi kwalba shida iri ɗaya, a buɗe ɗaya a shekarar farko, a bar sauran sai sun haura bakwai, daga nan a riƙa buɗe ɗaya duk bayan shekara biyu ko uku.

Duba kwalba kafin ka biya kuɗi

Tsohuwar kwalba tarihin ajiyarta ya fi sunan gonarta muhimmanci. Ka tambayi mai sayarwa inda ta zauna duk shekarun nan. Wadda ta fito kai tsaye daga ɗakin ƙarƙashin ƙasa na mai gonar ita ce mafi aminci, kuma gidaje da yawa a Mosel suna sayar da tsofaffin kwalabensu.

Ka tsayar da ita ka dubi tazarar da ke tsakanin ƙasan matoshi da saman giyar. Ga kwalbar da ta shekara ashirin, santimita biyu zuwa uku ba komai. Idan ya haura biyar, giya ta tsiyaye ko ta ƙafe, iska kuma ta shiga madadinta. Ka shafa yatsa a saman murfin. Idan matoshin ya turo sama, ko ka ji danƙo a wuyan kwalba, ko ka ga sawun tsiyaya a takarda, zafi ya taɓa ta: ruwan ya kumbura ya tura matoshin. Bar ta komai arharta.

Sai ka ɗaga ta a gaban fitila. Kwalaben Mosel na gargajiya kore ne, na yankin kogin Rhein ruwan ƙasa, don haka ganin launi yana da ɗan wuya, amma a wuyan kwalba ana iya gani. Ruwan zinariya mai haske shi ake so. Launin shayi a Kabinett mai shekara goma sha biyar alamar matsala ce. Gurɓacewa kamar hazo ita ma matsala ce, wataƙila yis ya farka ya koma cin sukarin da aka bari. Amma idan ka ga wasu ƙananan ƙwayoyi kamar gishiri ko garin gilashi a gindin kwalba, kada ka tsorata. Jamusawa suna kiransu Weinstein, gishirin tsamin inabi ne da sanyi ya daskarar, ba su da illa ba su kuma taɓa ɗanɗano.

Ajiya

Abin da ake so digiri 10 zuwa 13, a tsaye ba hawa da sauka, cikin duhu, da laima kusan kashi 70 cikin ɗari. Kwalba mai matoshin itace a kwance ake ajiye ta domin giyar ta riƙa jiƙa shi. Idan ya bushe sai ya tsuke, iska ta sami hanya. Mai murfin murɗawa, wanda gidajen Jamus da yawa suka koma amfani da shi, a tsaye ko a kwance duk ɗaya ne.

Irin wannan sanyi mai ɗorewa shi ya sa a ɗakin ajiya na Ratskeller da ke birnin Bremen har yau akwai gangar giyar Rüdesheim ta shekarar 1653. A Jamus ƙasa ce take ba da sanyin kyauta. A Abuja ko Yamai kuwa, inda ɗaki yake haura digiri 30 a watan Maris da Afrilu, babu ɗakin da zai yi wannan aiki da kansa. Zafi yana hanzarta duk canjin da ke faruwa a kwalba. A digiri 25 giyar tana tsufa da gaggawa kuma ba ta tsufa da kyau, sama da 30 kuwa dahuwa take yi, ƙamshinta ya koma na dafaffen 'ya'yan itace. Sau da yawa ma a hanya ake yin ɓarnar, a cikin kwantenar da ta yi makonni a rana a tashar jiragen ruwa. Otal ɗin da yake son ajiye irin wannan giya dole ya tambayi dillalinsa ko a kwantena mai sanyi aka kawo ta.

Mafita ita ce firjin giya da aka saita a digiri 12, a haɗa shi da batir ko sola saboda ɗaukewar wuta. A cika shi sosai, ko da da kwalaben ruwa ne, domin firji cikakke ya fi daɗewa da sanyi idan wuta ta tafi. Kada a ajiye shi kusa da murhu ko janareta, girgiza da zafi duk ba sa yi. Firjin kicin yana iya riƙe kwalba na wasu makonni ko 'yan watanni, amma iskarsa busasshiya ce, tana busar da matoshi. Hasken rana da na doguwar fitilar kanti su ma suna ɓata ƙamshin farar giya, don haka kwalbar da aka jera a kanta don ado ta tashi daga ta ajiya.

Buɗewa

Kwana ɗaya kafin a buɗe, a tsayar da kwalbar domin Weinstein da duk wani laka su sauka ƙasa. A sanyaya ta zuwa digiri 10 ko 12. Sabuwar Riesling tana son 8, amma tsohuwa idan ta yi sanyi da yawa ƙamshinta ɓuya yake yi, tsamin kaɗai za a ji. Daga firjin giya, minti goma a bokitin da aka haɗa ƙanƙara da ruwa rabi da rabi ya isa. Idan daga firjin kicin ta fito, a bar ta a waje minti goma sha biyar. A ɗaki mai zafi gara a zuba ta da ɗan sanyi fiye da kima, domin kofi yana ɗumama ta cikin 'yan mintuna.

A yanke rufin wuyan daga ƙasan leɓen kwalba, a goge saman matoshin da tsumma mai ɗan laima. Baƙin fumfuna a wurin ba laifi ba ne, alamar ɗakin ajiya mai laima ce. Matoshin da ya shekara ashirin ya yi laushi, yana iya marmashewa. A sa tsinin mabuɗi a tsakiyarsa daidai, a murɗa har ya kusa fita ta ƙasa, domin idan ya tsaya a rabi, rabin sama kawai zai ɗauko. A ja a hankali, a miƙe, ba fizga. Ga kwalbar da ta haura shekara ashirin da biyar, mabuɗi mai harshe biyu ya fi: a fara cusa dogon harshen tsakanin matoshi da gilashi, sannan gajeren, a riƙa karkaɗa shi hagu da dama har ya nutse, sai a murɗa ana ja sama.

Idan matoshin ya karye, a sake sa mabuɗin a karkace a ɗauko ragowar. Idan ya ƙi, a tura shi ciki, a tace giyar da farin ƙyalle mai tsabta wanda ba shi da ƙamshin sabulu, zuwa cikin tulun gilashi. Gutsattsarin matoshi ba sa ɓata ɗanɗano.

Kofin da ya dace mai ƙafa ne, cikinsa matsakaici, bakinsa ya ɗan tsuke. A zuba mililita 100 zuwa 125, wato kwalba mai 750 za ta ba da kofi shida ko bakwai. A bar ɗan abin da ke gindin kwalbar.

Abin da za a ji, da yadda ake gane ɓatacciya

Sabuwa tana ƙamshin tuffa da lemun tsami da furanni. Bayan shekara goma, sai a fara jin zuma, kakin zuma, busasshen ɓawon lemu, gasasshen burodi, wani lokaci da citta. Zaƙin yana ja da baya a baki ko da yake sukarin yana nan a ma'auni. Spätlese da take kamar alewa tana da shekara biyu, idan ta kai ashirin ɗan zaƙi kaɗan za a ji, da santsi a harshe, da tsami mai tsawo da ke wanke baki. Wannan shi ne abin da ake jira duk shekarun nan, kuma babu wata dabarar da ke kawo shi da wuri.

Sai maganar kananzir. Tsohuwar Riesling takan yi wani ƙamshi mai kama da na kananzir, kuma baƙon da bai sani ba yakan mayar da kwalbar. Wani sinadari ne da ake taƙaita sunansa da TDN, yana fitowa daga launin da ke fatar inabi yayin da giyar ke tsufa. Yana ƙaruwa idan inabin ya sha rana kai tsaye, ko kurangar ta yi ƙishi, ko an ajiye kwalbar a wuri mai ɗumi. Matoshin itace yana tsotse wani kaso nasa, shi ya sa kwalba mai murfin murɗawa takan fi nuna shi. Kaɗan daga cikinsa, a bayan zuma da lemu, ado ne. Idan ya rufe komai a giyar da ba ta wuce shekara huɗu ko biyar ba, wannan aibi ne. Ma'aikacin da ke zubawa ya kamata ya gaya wa baƙo wannan tun kafin ya kai kofin hanci.

Warin ashana da aka ƙyasta, ko ɗan warin yis, daga salfa ne, kuma yakan tafi. A juya kofin, ko a zuba giyar a tulun gilashi na minti 15 zuwa 30. Kwalbar da ta haura shekara talatin kuwa kada a juye ta, a bar ta ta buɗe a kofi. Tsohuwar giya takan fito da ɗan warin rufaffen ɗaki a mintunan farko, don haka kada a yanke mata hukunci sai an ba ta minti goma.

Aibi biyu ne ba sa gyaruwa. Na ɗaya warin jiƙaƙƙen kwali ko tabarmar da ta kwana a ruwa, wanda wani sinadari mai suna TCA da ke cikin matoshi yake kawowa. Yana ƙaruwa ne da shan iska, kuma yana kashe ɗanɗanon 'ya'yan itace gaba ɗaya. Na biyu shan iska fiye da kima: launi ya yi duhu, ƙamshi ya koma na tuffar da aka yanka aka bari ta yi baƙi, baki kuma ya ji ta lami da ɗaci a ƙarshe. Ɗan tsikarin iska a harshe a sabuwar Mosel da gangan ake barin sa, amma kumfa mai yawa tare da gurɓacewa a tsohuwar kwalba na nufin ta sake tsimuwa a ciki.

Abinci da ragowar kwalba

Sabuwar Kabinett tana tafiya da abinci mai yaji, domin barasa mai ƙarfi tana ƙara zafin barkono, ita kuwa tata kaɗan ce, sukarin kuma yana kwantar da shi. Tsohuwa ba ta da wannan ƙarfin, yaji mai yawa zai binne ƙamshin da aka yi shekara ashirin ana jira. Abin da ya fi mata shi ne mai gishiri da ɗan maiƙo: gasasshiyar agwagwa ko zabo, kifin kogi da aka soya da man shanu, kifi mai hayaƙi, ko tsohon cuku mai tauri. Kada a haɗa ta da kek ko wani abin da ya fi ta zaƙi, nan take za ta koma tsami zalla.

Ƙarancin barasarta yana ruɗin mutane, domin tana shiga kamar lemo. Kashi 8 ya fi na yawancin giyar hatsi ta kwalba (beer) da ake sayarwa, don haka mai tuƙi da mace mai ciki ba nasu ba ne.

Idan an rage, a mayar da matoshi ko murfi a sa a firjin kicin a tsaye. Sukari da tsami suna kare ta fiye da sauran farar giya: mai shekara goma zuwa goma sha biyar tana kai kwana huɗu ko biyar, sau da yawa ma ta fi daɗi a rana ta biyu. Idan rabi ya rage, a juye shi a ƙaramar kwalba mai mililita 375 a cika ta har wuya, domin iskar da ke saman giyar ce take cin ta. Wadda ta haura shekara talatin kuwa a gama da ita a ranar da aka buɗe, ko washegari.